Sunan da Gwaggo Dije Take Ƙarawa a Addu'ar Gidanmu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifinmu. Shekara goma sha ɗaya ke nan kuma ba a ambaci sunan Dangana a addu'ar gidanmu ba. Tare aka binne su, ita a maƙabarta, shi a bakunanmu. Ina rubuta wannan ne daga Doha, unguwar Al Wukair, inda nake zaune wajen 'yata Asiya ina riƙe mata yara. Ni ba marubuciya ba ce. Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya na koyi haɗa baƙi, saboda haka duk wanda ya ga maganata ta zo a tsaye babu lanƙwasa, ya yi haƙuri, haka na iya.

Bari in fara gaya muku ko mu su wane ne. A cikin birnin Kano ana kiran gidanmu gidan Mai Gafaka, saboda kakan kakanmu, Malam Idi Mai Gafaka, wanda ya yi zamani tun kafin zuwan Turawa. Sana'arsa littattafai. Da a yau ne sai a ce mai maɗaba'a ne kuma mai kantin littafi. Shi ke sayen takarda wajen Larabawan da ke ƙetaro sahara da ita, shi ke zaɓen littafin da za a juya, ya tara malamai masu kyan hannu a zaurensa su yi ta rubutawa. Matan gida ke dafa tawada da gawayi da ƙaro. Dukawa su ɗinka gafaka, wato jakar fatar da ake adana littafi. In kaya ya haɗu sai ya bi fatake, wani zubin Borno, wani zubin Nupe, amma galibi Gwanja, ƙasar goro, a cikin Gana ta yanzu. Ya tafi da ilimi ya dawo da goro. Da wannan aka gina gidan da aka haife mu, da wannan sunan ake ba mu mata, ake auren 'ya'yanmu har gobe. Ban ƙi ba, ni ma na ci albarkacinsa.

Kowace shekara cikin watan Sha'aban ana saukar Alƙur'ani a gidan. Maza a zaure da ƙofar gida, mu mata a tsakar gida muna jiyo su. In an sauke, babban gida ya jero sunayen mamatanmu tun daga Malam Idi har wanda aka binne bana, kowane suna a ce Allah ya jiƙansa, mu amsa da amin. To daidai an faɗi sunan ƙarshe, kafin liman ya ce a shafa, sai ka ji murya daga cikin mata, murya kamar ta mai tallan fura ta haure katanga:

"Da Dangana!"

Gwaggo Dije ke nan. Tun ina goye nake jin wannan. Ba mai amsa mata sai yara, su ma don dariya. Mahaifinmu ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya haɗa ta da dattawa. Ta ce su je su ɗinke mata baki in sun iya. Har liman ya gaji ya saba, in an kai sunan ƙarshe sai ya ɗan yi shiru, ya bar mata gurbi kamar na numfashi guda, ta jefa sunan, sannan ya ce Fatiha.

Wane ne Dangana? Bawa ne. Malam Idi ya saye shi, ya ga yana da kai, ya koya masa karatu da rubutu, har hannunsa ya fi na duk malaman zauren. Gwaggo ta ji labarin ne daga bakin autar Malam, wata tsohuwa da ake kira Iya, wadda ta tarar da rai tana yarinya. Iya kuwa ta san Dangana ido da ido, ita ke kai masa tawada.

Ga inda gizon yake. A al'adar masu juya littafi, in mutum ya kai ƙarshe sai ya rubuta cewa an gama da hannun wane ɗan wane, duk wanda ya karanta ya roƙa masa gafara, shi da iyayensa. Wannan ne ladan mai rubutu na haƙiƙa, don abin da aka ba shi a hannu zai ƙare, addu'a kuwa za ta bi littafin duk garin da ya je. Malaman zauren kowa sunansa yake sawa. Dangana kuwa sunan Malam Idi aka ce ya riƙa sawa, don ba mai sayen littafin fiƙihu da daraja in ya ga hannun bawa ne. Haka ya yi shekara da shekaru, tun yana ganin ƙwayar gero a ƙasa har idonsa ya fara hazo. Da idon ya gaza, wata tafiya Malam ya ce ya zo ya raka shi Gwanja. Ayari ya dawo da huhunan goro, babu Dangana. Iya ta ce ta tambaya, aka buge mata baki.

Gwaggo takan ce mini, "Ke Rabi, gumin bawa a wancan zamani kowa ya ci, ban ce kakanmu ya fi kowa zalunci ba. Amma addu'a? Daga nan har Gwanja mutane na buɗe littafi suna roƙa wa Idi gafara, alhali yatsun wani ne suka kumbura. To ni zan riƙa mayar masa, ko sau ɗaya a shekara."

Ita ba ta san alif ba. Ta yi aure, ta fito, ta dawo gida ta zauna tana ƙuli-ƙuli, ba ta haihu ba. Ranar da na dawo daga ajin manya da allon siminti da alli ina ta rawar kai na iya rubuta Rabi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sunanki wa ya ɓatar da shi da za ki rubuta? Zo nan." Ta ja ni bangon madafa ta sa na rubuta Dangana. Sau nawa na goge ban sani ba, don harafin "ga" ya ƙi ni. Da na gama ta tsaya tana kallon farin allin nan a jikin baƙin bango, ta sa yatsa ta bi shi a hankali. Ta ce, "Ashe haka yake." Damina ta zo ta wanke. Ba ta ce mini in riƙe mata komai ba, ba ta sa ni alkawari ba. Ba halinta ba ne roƙo. Ta dai nuna mini, ta san na gane.

Shekarar farko bayan rasuwarta, yayana Alhaji Sani, wanda ya zama babban gida, ya jero sunaye, na ƙarshe shi ne nata. Liman ya yi shirunsa na sabo. Wallahi tsakar gidan nan ko kaza ba ta motsa ba. Mata suka juyo suna kallona, don kowa ya san ni ce 'yar ɗakinta, kuma kowa ya san bakina. Ni da mahauta ke sauya layi in sun hango ni, ni da na taɓa tsayar da motar haya a tsakiyar titi saboda direba ya zagi wata tsohuwa. Na sunkuyar da kai ina gyara mayafi. Liman ya ce Fatiha. Na ce wa kaina bana makoki ne, baɗi na faɗa. Baɗi ta zo ana maganar auren Asiya, dangin miji na wajen, na ce kar a ce uwar amarya ta gaji rikicin tsufa. Shekara ta gaba shirun liman ya gajarce. Ta gaba da ita babu shi sam. Gurbin da Gwaggo ta haƙa da muryarta tsawon rayuwa, mu muka cike shi da kunya cikin 'yan shekaru, kuma ni ce na fi kowa zuba ƙasa.

Sau da yawa a nan Doha nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Na san dai benayen nan masu ƙyalli ba za su ruɗe ta ba. Da ta leƙa ta tagar mota ta ga mutanen da ke saman ƙarafa cikin ranar da ke narka takalmi, za ta ce, "Su waɗannan a ina ake rubuta sunansu?" Da ta ji ana cewa kafil, wato wanda mutum ke aiki a ƙarƙashin sunansa, sai ta sa an zaunar da ita an yi mata bayani dalla-dalla, kuma ba lalle bayanin ya gamsar da ita ba. Waya kuwa da ta so ta, don Gwaggo na son duk abin da zai kai murya nesa.

Abin da ya tayar da maganar bana shi ne Mahmud, ɗan Alhaji Sani, wanda ke karatun digiri na uku a nan kan tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Ubansa ya ɗora masa rubuta tarihin gidan Mai Gafaka, a buga littafi a raba wa dangi. Yaro ne mai ladabi, duk Juma'a yana tasowa daga unguwar Nu'aija ya zo cin tuwona. Kuma Gwaggo yake ce mini. Ranar da na fara lura da hakan sai da gabana ya faɗi: ashe yanzu ni ce gwaggon gidan.

Shi ya kai ni wani babban ɗakin karatu inda aka jera tsofaffin littattafai cikin gilashi, har da irin na ƙasarmu, warwara babu ɗinki, da jan wasali. Ba na gidanmu ba ne. Na ce ya karanta mini ƙarshen ɗaya da aka buɗe. Ya karanta sunan mai rubutun da na ubansa, da roƙon a yi musu addu'a. Na ɗaga hannu na ce Allah ya jiƙansu da ƙarfi, har mai gadi ya waiwayo. Mahmud ya ce, "Gwaggo, a hankali, nan ba a ɗaga murya." Na ce mutumin da kansa ya roƙa, ni kuwa na ji. A mota na ce masa, ka ga wannan, ko bayan shekaru nawa, a ƙasar da bai taɓa mafarki ba, ya karɓi abinsa. Dangana fa?

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Gwaggo, ba ni da hujja a rubuce. Ba zan iya sa abin da ba ni da madogara ba."

"Wa zai rubuta maka hujjar? Wanda aka hana rubuta sunansa?"

"Na sani. Kuma in gaya miki gaskiya, littattafan da suka rage a gida masu sunan Malam, hannu biyu ne a cikinsu, ɗaya ya fi ɗaya kyau nesa. Amma wannan bai ce Dangana ba ne. Yana iya zama kowa."

"To ka rubuta hakan. Ka ce hannu biyu ne, ka ce ga abin da matan gidan suka ce."

"Na gaya wa Abba. Ya ce in na sa, in nemi wani uban."

Ban zagi yaron ba. Ta ina zan fara, ni da na yi shekara goma ina gyaran mayafi? Na kira yayana. Bayan gaisuwa na shiga maganar kai tsaye. Ya ce, "Rabi, wato so kike jikokinmu su buɗe littafi su ga kakansu ya sayar da makaho?" Na ce Yaya, ban ce a fasa faɗin alherinsa ba. Garuruwa nawa suka yi karatu da littafinsa, a faɗa. Amma a faɗi wannan ma. Ya ce maganar tsofaffin mata ce ta bakin murhu. Na ce a bakin murhun aka dafa tawadar da ake taƙama da ita. Ya ce in gaida yara, ya kashe.

Akwai wata mata a unguwar Ain Khaled, nan Doha, Mma Adiza, 'yar zangon Kumasi, mai dafa shinkafa da wake irin ta Gana da baƙin yajinsu, mutanenmu na oda wajenta. Tunda na ji kakanninta daga wajen Salaga suke, cikin ƙasar Gwanja, na matsa mata. Duk zuwa sai na tambaye ta ko ta taɓa jin wani tsoho mai raunin ido, mai kyan rubutu, da aka kawo daga Kano. Ita Hausarta ba ta ware mace da namiji, kowa "ka" ne.

"Hajiya, ka zo da Dangana ɗinka kuma? Ni kakana ma ban san sunan babansa ba. Mutum nawa aka kai kasuwan bayi na can aka bari? Ku kuka sayar, ku kuka manta, ni za ka tsare da tambaya ina tuya?"

Na ce ina so ne in san ko ya bar baya, in nemi gafararsu.

Ta ajiye matsami ta dube ni. "In ka same su za ka ba su gidan Kano?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"To khalas, shi ke nan. Ba jikokinsa kake nema ba, wanda zai ce maka ba komai kake nema. Ni ba zan ce ba. Wancan tsohuwa naku ya tambayi kowa kafin ya kira sunan? Yalla, maza ɗauki abincinka, yana hucewa."

Na ɗauka na fita raina a ɓace, don ta faɗi daidai.

Sha'aban ya zo. Yanzu dangi sun watse duniya, saboda haka ana haɗa saukar ta waya, na gida a zaure, mu na nesa kowa fuskarsa a ɗan akwati. Mahmud ke kula da haɗin daga ɗakinsa. Na yi wanka na sa sabon mayafi kamar mai zuwa biki, na zauna a falo bayan la'asar, jikokina biyu a gefe. Yaya ya fara jero sunaye. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce mahaifinmu, ya wuce Gwaggo Dije, ya kai na ƙarshe. Na cika ƙirji na ce, "Da Dangana!"

Ƙaramar jikata ta firgita ta saki kofi. A waya kuwa ba wanda ya ko ɗaga kai. Liman ya ce Fatiha, hannaye suka tashi suka shafa. Sai babban jikan nawa ya leƙa wayar ya ce, "Hajiya, ai an rufe miki magana, ga alamar nan ja."

Nan take na kira Mahmud. Ya rantse mini kowa ya rufe wa, tun farkon karatu, saboda kukan yara da hayaniya, kuma haka ake yi duk shekara. Na yarda da shi. Abin da ya fi ci mini rai ma ke nan. Shekarun da bakina ke buɗe, katanga ce kawai tsakanina da zaure, ban faɗa ba. Ranar da na faɗa, ba ƙeta aka yi mini ba, tsari ne kawai ya riga ya tafi ba tare da gurbin ba, don ba wanda ya san akwai abin da mace za ta ce a wajen. Mahmud ya ce, "Gwaggo, na ga bakinki ya motsa. Na san abin da kika ce." Na ce to ka amsa? Ya ce a zuciya. Na ce a zuciya muka kashe shi ai.

Littafin tarihin zai fito, da hoton zaure da jerin sunayen maza. Na ga Gwaggo a ciki, layi ɗaya: Dije, ba ta bar zuriya ba. Na san ranar da wannan rubutu nawa ya isa Kano, Yaya zai daina ɗaga wayata, watakila har wani Sha'aban ɗin, watakila fiye. Yayana ne, shi ya riƙe ni da 'ya'yana lokacin da mijina ya rasu, kuma ba ƙaramin abu ba ne a wajena in ɓata masa. Na auna, na ga na riga na biya shi da shirun shekara goma. Ba ni da sauran shirun da zan ba shi.

Me ya rage na Gwaggo Dije? Ɗakinta an mai da shi wajen ajiye buhuna. Kaskon ƙuli-ƙulinta ban san hannun da ya faɗa ba. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar rubutu ba, hotonta ma guda ne kuma ta kau da kai. Abin da ta bari kalma biyu ne da taurin kan faɗinsu a inda ba a so, shekara bayan shekara, ba tare da ko mutum ɗaya babba ya ce amin ba. Da ina ganin abin nata bai yi nasara ba. Yanzu na ga in ban da ita, da ba wanda ya rage a duniya da ya san an yi wani mutum mai wannan suna, wanda ba ma shi uwarsa ta raɗa masa ba, sunan bauta ne.

Ni jikar masu littafi ce, bari in rufe yadda ake rufewa a zauren kakana. An gama wannan rubutu a Doha da hannun Rabi, 'yar gidan Mai Gafaka, wadda ta koyi alƙalami da furfura a kanta. Wanda ya karanta, kar ya roƙa mini komai, ban cancanta ba tukuna. Ya roƙa wa Dije rahama. Ya roƙa wa Malam Idi gafara, yana bukatarta kamar kowa. Sannan ya ɗan dakata, numfashi guda, ya buɗe baki yadda na kusa da shi zai ji, ya ce: da Dangana, shi da iyayensa.